Ke mai son zama 'yar fim, ga ta inda za ki fara

'Yan mata na ta tambayata a WhatsApp wai ta ina ake shiga fim, to ni dai misalin da nake ba kowa Viola Davis ce ta Amurka. An haife ta a 1965, cikin talauci ta taso a Rhode Island, talauci na gaske ba na wasa ba, kuma da tiyatir ta fara tun kafin kamara ta san ta.

Don haka ki nemi turup tukuna, ko ta lakwal ko ta unguwa, in kina Yamai ki riƙa leƙawa CCOG, wato cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ki ga yadda ake repetisiyon. A dandamali ba a cewa a sake, in kin manta magana kin manta kenan gaban jama'a, nan ake koyon ɗaga murya har na kujerar baya ya ji ba tare da kin yi ihu ba.

Sannan karatu. Ita Viola shekara 4 ta yi a Juilliard, lakwal ɗin koyon tiyatir da kiɗa a New York, ta gama a 1993. Mu dai ki haddace rubutunki, ki jingina waya jikin kwano ki ɗauki kanki ki kalla, wallahi za ki ji kunya ranar farko.

Kuma kar ki rena ƙaramin rol. Viola, Tony ta farko (lambar yabo ta tiyatir) sai 2001 ta same ta, Oscar (lambar yabo ta fim) kuwa sai 2017 tana da shekara 51, da rol ɗinta a fim ɗin Fences, wanda ta riga ta taka a dandamali a 2010.