Yadda za a tashi tsohuwar manhajar BBS a kan Windows 11

Masu gyaran kwamfuta a Jidda da Makka na iya cin karo da faifan da ke ɗauke da manhajar BBS (dandalin da ake kira ta wayar tarho don musayar saƙonni da fayil) ta zamanin DOS, irin su Renegade ko RemoteAccess, a danna ta ƙi tashi. Ba lalacewa ta yi ba. Manhajar 16-bit ce, Windows 11 kuwa 64-bit zalla ne, ba shi da NTVDM, ɓangaren tsohon Windows da ke ɗaukar irinta. Sai a gina mata ɗakin DOS nata da DOSBox 0.74-3, manhajar da ke kwaikwayon DOS.

A buɗe folda mai gajeren suna, misali C:\BBS, domin DOS ba ta karanta sunan da ya wuce harufa 8 da ƙarin 3. A guji sunan Larabci a hanyar foldar. A fayil ɗin saitin DOSBox, ƙarƙashin [serial], a rubuta serial1=modem listenport:2323. Wannan layin shi ne ƙashin bayan aikin: duk wanda ya shigo ta intanet a ƙofa (port) 2323, manhajar za ta ji RING kamar wayar tarho ce ta buga, ta amsa da ATA, umarnin ɗaga waya. A [autoexec] a sa mount c c:\bbs, sannan a loda direban FOSSIL, mai haɗa BBS da modem, kafin ita BBS ɗin. BNU direban FOSSIL ne: BNU /L0:38400 yana kulle COM1, mahaɗar modem ɗin, a gudun 38400. A saita manhajar kan wannan gudun daidai. Idan saukar da fayil ta Zmodem (tsarin tura fayil) na tsinkewa, a ƙara ATNET1 cikin umarnin share fagen modem don kunna yanayin telnet, hanyar da masu shiga ta intanet ke bi.

Saƙon Runtime error 200 shi ya fi tayar wa mutane hankali. Laifin na Turbo Pascal 7 ne, wanda aka rubuta manhajar da shi: lissafin jinkirinsa yana rushewa idan injin ya wuce kamar 200 MHz. A saitin DOSBox a daina cycles=max, a koma cycles=fixed 20000, ko a yi wa fayil ɗin manhajar faci da TPPATCH.

A gwada da SyncTERM, manhajar shiga BBS, daga wata kwamfutar gidan tukuna. In ya shiga, a buɗe ƙofa 2323 a rauta. Yawancin layukan 4G da 5G suna bayan CGNAT, wato adireshi ɗaya ake raba wa jama'a, don haka ko an buɗe ƙofar na waje ba zai iso ba. Sai layin faiba mai adireshin kansa, ko hayar ƙaramar saba.

Allon yana amfani da tsarin harufa na CP437, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko harufan Larabci a ciki, sai a rubuta k', d', b'. A tsaya kan layi ɗaya, wato mai shiga ɗaya a lokaci guda, domin wannan DOSBox ba ya kulle fayil, kuma layi biyu na iya dagula ma'ajiyar saƙonni. Telnet kuma a fili yake aika kalmar sirri, saboda haka a gargaɗi masu shiga kada su sa wadda suke amfani da ita a banki ko Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya.