Yadda Ake Bin Salsalar Dangi Daga Amurka Zuwa Ingila

A nan Bauchi, mai son sanin asalinsa wurin dattawan gida yake zuwa, su lissafo masa kakanni da ka. To amma yanzu akwai gidajen da 'ya'yansu suka je karatu Amurka suka auro Turawa, jikoki kuma sukan tambayi asalin dangin uwa, waɗanda akan ce daga Ingila suka ƙetara teku. Na taya ƙanena irin wannan bincike domin 'ya'yansa, abin da na koya kuwa shi ne daga Amurka ake farawa, a riƙa komawa baya kaka bayan kaka, har a samu sunan ƙauyen da mutumin ya baro. Wanda ya faɗa kundin Ingila da sunan John Smith kaɗai, tamkar wanda ya shiga Kasuwar Wunti ne yana cigiyar Malam Musa.

Bayan an tattara takardun haihuwa da na aure da ke hannun iyali, sai a koma ga ƙidayar jama'ar Amurka, wadda ake yi duk shekara goma tun 1790. Ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, saboda haka ta 1950 ce ta ƙarshe da ake iya dubawa. Kafin 1850 sunan magidanci kawai ake rubutawa, yawancin ta 1890 kuma gobara ta cinye ta a 1921. Ƙidayar 1900 zuwa ta 1930 su ne suka fi amfani, domin suna faɗin shekarar da baƙo ya shigo ƙasar. Da wannan shekara ake neman sunansa a jerin fasinjojin jiragen ruwa, waɗanda Amurka take ajiyewa tun 1820, haɗe da na tsibirin Ellis da ke New York, inda aka karɓi baƙi kimanin miliyan 12 daga 1892 zuwa 1954. Takardar neman zama ɗan ƙasa, idan ta bayan 1906 ce, takan faɗi garin haihuwa ɓaro-ɓaro. A cikin shafukan intanet da ake duba irin waɗannan takardu, FamilySearch kyauta ne, Ancestry da Findmypast kuwa sai an biya.

A yi hattara da jerin zuri'a da wasu suka ɗora a intanet. Mu kanmu mun kwashe mako biyu muna bin wani mutum mai suna ɗaya da kakan yaran, sai da hoton dutsen kabari ya nuna tazarar shekara tara a tsakaninsu muka gane ba namu ba ne.

Idan sunan ƙauye ya samu, aikin Ingila yana da sauƙi. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ranar 1 ga Yuli 1837, ƙidayar 1851 kuma tana nuna inda aka haifi kowa. Abin da ya gabaci haka sai littattafan coci, waɗanda aka umarci a fara rubutawa a 1538, ko da yake da yawa daga na farkon sun salwanta. Ranar baftisma, wato wankan shigar da yaro addinin Kirista, suke rubutawa, ba ranar haihuwa ba, kuma suna ɗaya yakan zo da rubutu iri uku, gwargwadon yadda kunnen limamin cocin ya ji shi.

Akwai wani tarko a kwanan wata. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Saboda haka idan aka ga an ɗaura aure a Mayun 1720, aka kuma yi wa ɗan fari baftisma a Fabrairun 1720, kada a yi saurin sheganta yaron, domin Fabrairun nan bayan Mayun ya zo da wata tara, wato 1721 ke nan a lissafin yau.