Yadda Ake Neman Gurbin Karatu a Jami'ar Ƙasar Waje Daga Kaduna

Shekara biyu da suka wuce ɗan yayata ya same ni a gida a Unguwar Rimi bayan sallar isha, riƙe da wayarsa, ya ce, "Kawu, sun ba ni." Wata jami'a ce a Ingila ta aiko masa da wasiƙar tayin gurbin digiri na biyu. Na taya shi murna, sannan na ce ya ɗauko mini takardunsa mu duba. Da muka baje su a kan darduma sai na ga sakamakonsa na WAEC yana ɗauke da Mohammed, katinsa na NIN yana ɗauke da Muhammad tare da sunan kakansa a ƙarshe, takardar haihuwarsa kuma ta saɓa wa sauran a ranar wata. Fasfo ma bai yi ba tukuna. Kafin a daidaita waɗannan takardu wata huɗu suka shuɗe, zangon Satumba ya wuce shi, sai da ya nemi a ɗage masa gurbin. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya zo neman shawara cewa wasiƙar gurbi ita ce mafi sauƙin samu a wannan harka, kuma abin da ke kayar da yaranmu shi ne takardu da kuɗi da rashin kiyaye lokaci.

Saboda haka ka fara da sunanka. Ka tattaro takardar haihuwa, shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, katin NIN, da shaidar digiri idan kana da ita, ka duba rubutun suna harafi bayan harafi, da jerin sunayen, da ranar haihuwa. Mu Hausawa wannan matsala ta fi damunmu, domin suna ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya uku ko huɗu, wani yana amfani da sunan mahaifi a wata takarda da sunan gari a wata, mace kuma takan koma sunan miji bayan aure alhali takardun makarantarta suna ɗauke da na mahaifinta. Hukumar shige da fice tana ɗauko bayanin fasfo ne daga NIN, don haka duk kuskuren da ke NIN zai bi ka har cikin fasfo, daga nan ya shiga biza. Idan akwai saɓani, a fara gyara NIN, a yi takardar rantsuwa a kotu da ke tabbatar da cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne, a buga sanarwa a jarida idan canjin suna ne, sannan a nemi fasfo. Wanda ke son tafiya a watan Satumba ya kamata ya gama wannan tun shekara guda kafin nan.

Mai neman digiri na biyu yana da ƙarin aiki, wato karɓo takardar cikakken sakamako, wadda ɗalibai ke kira turanskirif. Ko ka gama a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, makarantarka ce ke fitar da ita, kuma jami'o'in waje da yawa suna son ta iso musu kai tsaye daga makarantar ba tare da ta bi ta hannunka ba. Ka nema da wuri ka riƙa bibiya. Wasu jami'o'in Kanada da Amurka sukan buƙaci wata hukuma kamar WES ta auna sakamakon da ma'auninsu, wanda shi ma yana cin kuɗi da makonni. Mai HND ya rubuta wa jami'ar ya tambaya kafin ya biya kuɗin fom, domin wasu suna karɓa, wasu kuma sai da difloma ta gaba da digiri. Ƙasashe da dama, musamman na Larabawa da gabashin Turai, suna son a buga wa takardu hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da na Ma'aikatar Harkokin Waje, wani lokacin har da na ofishin jakadancinsu. Duk a Abuja ake yin wannan, kuma mutumin Kaduna yana iya hawa jirgin ƙasa na safe daga Rigasa ya miƙa takardunsa da hannunsa.

Kafin ka ƙwallafa rai a kan wata makaranta, ka tabbatar Najeriya za ta amince da shaidarta idan ka dawo. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin kimanin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ita ma ta sha gargaɗin iyaye game da tura yara Arewacin Saifurus. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci ta Najeriya kafin a ba shi lasisi, wanda ya karanta lauya kuma sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horar da Lauyoyi. Ka kuma dubi zaman lafiyar ƙasar, domin mun ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 suka dawo da ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba, wasunsu ba su ma samu fito da takardunsu ba.

Batun kuɗi nake so a fi tsayawa a kai, domin a nan iyali ke shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A tsakiyar 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi, suka sayar da fili a Millennium City ko Rigachikun suka biya shekarar farko, sun wayi gari kuɗin shekara ta biyu ya ninka har uku, kuma akwai ɗaliban da jami'o'insu suka cire sunansu saboda bashi, bizarsu ta mutu. Ka yi lissafin dukan shekarun karatun da kuɗin ƙasar da za ka je, ka haɗa da haya, abinci, tikitin jirgi, kuɗin biza, inshorar lafiya da kayan sanyi, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda faɗuwar naira. Kada ka sa albashin aikin da kake fatan samu a can cikin lissafin kuɗin makaranta. A Birtaniya awa 20 a mako ne iyakar abin da doka ta yarje wa ɗalibin digiri lokacin karatu, kuma abin da zai samu bai cika wuce haya da cefane ba.

Ƙasashen sun bambanta a tsari. Birtaniya tana karɓar masu digirin farko ta shafin UCAS, inda ake zaɓen kwas har biyar, kuma masu neman likitanci ko jami'o'in Oxford da Cambridge ana rufe nasu a tsakiyar Oktoba, sauran kuma a Janairu. Mai WAEC kaɗai yawanci sai ya yi shekarar share fage kafin aji ɗaya, wadda ita ma da kuɗinta. Digiri na biyu a can shekara ɗaya ne galibi, kuma kai tsaye ake nema a shafin jami'ar, sai dai tun Janairun 2024 mai irin wannan karatu ba ya iya tafiya da mata da yara, in ba na bincike yake yi ba ko gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Magidanci ya san da wannan tun kafin ya yi wa iyalinsa alkawari. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka zuba kuɗin zaman shekara a wani rufaffen asusu da ake sakar maka wata-wata, wanda aka tsayar a kan yuro 11,904 a 2024. A Amurka jami'a ce ke ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, bayan an karɓe ka, sannan ka biya kuɗin rajistar ɗalibai dala 350 ka je hira a Abuja ko Legas, amma dokokin bizarta ga 'yan Najeriya sun tsananta ƙwarai tun 2025, Kanada kuma ta taƙaita yawan ɗaliban waje tun 2024, don haka ka karanta sanarwar ofishin jakadancinsu ta kwanan nan kafin ka kashe ko kwabo.

Ga wanda gidansu ba shi da ƙarfi, hanyar ita ce tallafin karatu, kuma kowanne yana da lokacinsa. Na gwamnatin Turkiyya yana buɗewa a Janairu ya rufe a Fabrairu, yana biyan kuɗin makaranta da masauki da tikiti da shekara guda ta koyon Turkanci, amma mai neman digirin farko dole ya kasance ƙasa da shekara 21. Na Hangari yana rufewa a tsakiyar Janairu. Chevening ta Birtaniya tana buɗewa a Agusta, tana son wanda ya yi aiki na shekara biyu, kuma sharaɗinta shi ne ka dawo gida ka zauna shekara biyu bayan karatu. Tallafin ƙasashe rainon Ingila ana neman sa ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, hukumar PTDF ta gwamnatin tarayya, mai kula da asusun bunƙasa fasahar man fetur, kuma tana ɗaukar masu digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Jami'ar Musulunci ta Madina tana koyarwa kyauta har da alawus, sai dai tana duba shekaru, ba ta son wanda ya haura 25 a digirin farko ko wanda ya gama sakandare fiye da shekara biyar. Ɗan asalin jihar nan ya riƙa leƙa sanarwar Hukumar Tallafin Karatu da Lamuni ta Jihar Kaduna. Duk waɗannan ba a biyan kowa kuɗi kafin a samu, kuma wanda ya ce ka kawo wani abu zai saka sunanka, ɗan damfara ne.

Wannan ya kawo ni kan ejan. Akwai na ƙwarai waɗanda jami'o'i suka sa sunansu a shafinsu, kuma jami'ar ce ke biyansu la'ada. Sai dai la'adar ita ke sa su tura ka inda suka fi samu, ko da bai dace da kai ba. Idan har za ka yi amfani da ejan, to adireshin imel ya zama naka, lambar sirri tana hannunka, kuma kuɗin kafin alƙalami ka biya shi cikin asusun jami'ar da ke rubuce a wasiƙarta, ba asusun wani mutum ba. Kada ka yarda ya haɗa maka takardar banki ta bogi. Idan Birtaniya ta kama ƙarya a neman biza tana iya hana ka shiga har shekara goma, ejan kuwa yana shagonsa yana karɓar wani.

Cike fom ɗin kansa ba shi da wuya ga wanda ya nutsu. Abin da ke buƙatar lokaci shi ne bayanin da za ka rubuta game da kanka da dalilin zaɓen kwas ɗin. Masu karantawa sun ga dubban wasiƙun da aka kwafo daga intanet, suna gane su tun layin farko. Ka rubuta abin da ka gani da idonka. Yarinyar da ke neman kiwon lafiyar al'umma, idan ta ba da labarin watannin da ta yi tana aikin rigakafi gida-gida a Rigasa, da yadda ta shawo kan wani maigida da ya ƙi buɗe ƙofa, ta fi wadda ta cika shafi da cewa tana son taimakon bil'adama. Wasiƙar shaida kuma ka neme ta wurin malamin da ya san aikinka, kamar wanda ya duba maka kundin kammala digiri, ko da ba farfesa ba ne. Ka je ofishinsa ka gaishe shi, ka ba shi aƙalla wata guda, ka roƙe shi ya aika ta imel ɗin makaranta. Game da Turanci, jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar C6 na WAEC, don haka ka tambaya kafin ka biya kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki.

Idan gurbi ya tabbata ka biya abin da aka nema, jami'ar Birtaniya za ta ba ka lambar CAS, wato shaidar ta karɓe ka, wadda da ita ake neman biza. Dole kuɗin makaranta da ya rage da na zama su kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun ragu ko sau ɗaya ba, kuma asusun ya zama naka ko na mahaifi ko mahaifiya. A gidajenmu sau da yawa kawu ne ko yaya ke ɗaukar nauyi, to asusunsu ba ya karɓuwa, sai su zuba kuɗin a naka tun da wuri, ku ajiye shaidar inda suka fito. Akwai gwajin tarin fuka da ake yi a asibitin da Birtaniya ta amince da shi a Abuja ko Legas, da kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun kafin tafiya. Idan aka kira ka hira, ka san sunan darussan da za ka ɗauka, da garin da makarantar take, da wanda ke biya da sana'arsa.

Kada ka sayi tikiti sai biza ta fito. Ranar tafiya ka sa ainihin takardunka a jakar hannu, ka bar kwafinsu a gida wurin wanda ka amince da shi, ka kuma adana hotunansu a imel. Idan fasfonka ya ƙare a can ka sabunta, ka riƙe tsohon da kyau, domin ranar da ka dawo za ka yi rajistar hidimar ƙasa, za a nemi ganin hatimin shigarka da fitarka tare da takardar tantance digirinka daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya.