Yadda ake gwada maganin ciwon hanta nau'in B a jikin ɓeraye

Ɗalibanmu da ke digiri na biyu a Jidda da Riyad, in aka ba su aikin gwada magani a kan ciwon hanta mai daɗewa, gaggawar ɗura wa dabba magani ce ke kayar da su. Maganar izinin kwamitin ɗa'ar bincike kuwa kowa ya sani, doka ce a Saudiyya tun 2010.

Fara da zaɓen dabba. Ƙwayar cutar B ba ta kama ɓera haka kawai. Amurkawa suna da wudcak, wata dabbar daji mai tata irin cutar da aka gano a 1978, amma ina za ka same ta a nan? Ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum kuma, tsadarsu sai ta cinye riyalan aikin tun ba a fara ba. Saura hanya biyu. Ko dai ka danna ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin halittar cutar ta jijiyar wutsiya, kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na nauyin ɓeran, cikin daƙiƙa 5 zuwa 8, ko ka yi allurar AAV-HBV, wato wata ƙwayar cuta marar lahani (AAV) da aka ɗora wa ƙwayoyin halittar cutar B. Ni ta biyun nake cewa a bi, da mazan ɓerayen gwaji nau'in C57BL/6. Ta farkon tana da arha, amma hannun sabon shiga ba ya iya ta.

To ga inda ake faɗuwa. Bayan allura, kada ka taɓa kwalbar magani sai an yi aƙalla sati 4. A wannan tsakanin kana ɗibar jini kowane sati, kana auna HBsAg (furotin na jikin ƙwayar cutar da ke yawo a jini) da yawan DNA na cutar da gwajin PCR. Dalili shi ne garkuwar jikin ɓera kan kore cutar da kanta, musamman a hanyar farko. Wanda ya fara magani a sati na biyu zai ga lambobi suna sauka, ya ruga wajen malaminsa da murna, alhali ruwan gishiri ma da ya ba su haka zai gani. Jira sai awo biyu a jere sun tsaya kusa da juna. Ɓeran da nasa ke zubewa, fitar da shi, kada ka ji ciwon kuɗinsa.

Sannan rabo. Kada ka ce wannan keji na magani, wancan na kwatance. Jera ɓerayen bisa yawan cutar da ke jininsu, ka rarraba su da ƙuri'a yadda kowane rukuni zai sami masu yawa da masu kaɗan. Rukuni uku ne mafi ƙaranci: na sabon maganin, na ruwan da aka narka shi a ciki kawai, da na entecavir, sanannen maganin cutar B da ake ba mutane. Wannan na ukun shi ne shaidarka. Entecavir yana karya yawan DNA na cutar ƙasa sosai amma da kyar yake taɓa HBsAg. In bai yi haka ba, matsalar a hannunka take ko a injinka. Mai awon ma bai kamata ya san jinin wane rukuni yake riƙe da shi ba.

A yi hankali da jini. Ɓera mai giram 25 duka jininsa bai kai mililita 2 ba, don haka ɗibar mililita 0.1 ya isa a sati. Ɗakin dabbobi ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 24. Da zafin Jidda, tambayi mai gadin ɗakin ko akwai janareto kafin ka yi odar ɓeraye.

Ɗura maganin ta baki kullum a lokaci ɗaya, ka riƙa auna nauyi da ALT, sinadarin da ke ƙaruwa a jini in hanta ta ji rauni. Guba ba abin rainawa ba ce: fialuridine, wani maganin cutar B da aka gwada, ya wuce gwajin dabbobi, amma a 1993 ya kashe mutum 5 cikin 15 da aka gwada shi a kansu a Amurka.

In ka tsayar da magani, bar rabin kowane rukuni na wasu sati 4 ka ga ko cutar za ta dawo. Sauran a cire hanta, yanki ɗaya cikin fomalin, ɗaya a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, da lambar ɓera a jikin kowane bututu.