Kwandala ta ɗan gaza a sikeli, jabu ce?

Abin da ya fi tayar wa sabbin masu tara tsofaffin kwandaloli hankali kenan, mutum ya ɗora ta a sikeli ya ga lambar ba ta zo ɗaya da wadda ya gani a intanet ba, shikenan sai ya ce an cuce shi. To a yi a hankali. Ko daga gidan buga kuɗin ba sa fitowa daidai wa daida, akwai ɗan rata da doka ta yarda da shi. Dalar Morgan, wata tsohuwar kwandalar azurfa ta Amurka, giram 26.73 ce, amma tana sabuwa fil ma za ta iya haurawa ko ta gaza da kusan 0.1.

Da farko ka nemi sikeli irin na masu sayar da gwal, mai nuna har 0.01, na kicin ba zai yi ba. Ka kashe fanka, ka ga ya koma sifili, ka auna sau biyu ko uku. In batir ya yi sanyi ƙarya zai yi ta maka.

Sai ka duba shekara. Sentin Amurka a da giram 3.11 ne, a 1982 aka koma yin sa da zink ya dawo 2.5, kuma a shekarar duka biyun an buga.

Inda aikin yake shi ne kwandalar da ta sha hannu. Ɗauki dalar Mariya Tariza, ta azurfar nan mai 1780 a jiki wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, asalinta giram 28.07 ce, amma in fuskar matar ta shafe rubutun ya lalace dole ta ragu, balle wadda aka huda aka rataya a wuya, wadda maƙeri ya liƙa wa kunne kuwa ƙaruwa za ta yi. Datti ma yana ƙara nauyi, amma don Allah kar ka goge ta da toka, darajarta za ka zubar.

Wadda za ka yi wa kallon tsaf ita ce mai ƙyalli kamar yau aka buga ta amma ta gaza da giram guda ko fiye. Nan sai ka kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa, ka kuma gwada faɗinta da kaurinta da wata wadda ka yarda da ita, don masu jabu kan ƙara kauri ne su cike nauyi.