Darasi na Tara: Shirin Shiga Tseren Gudu na Legas

Tun shekarar 2016 ake yin babban tseren gudu na birnin Legas, yawanci ranar wata Asabar cikin watan Fabrairu. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. A shekarun farko akan tashi daga babban filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Gadar nan kaɗai ta kusa kilomita 12, kuma babu inuwa a kanta ko ta ganye ɗaya. Akwai ƙaramin tsere na kilomita 10. Shi ya kamata sabon shiga ya fara da shi.

Ɗan'uwa, ko kai ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, ko mai tura kurar ruwa a Agege, na san kana da ƙarfi. Amma ƙarfin ɗaukar buhu daban, numfashin gudu daban. Wanda ya dogara da ƙarfinsa ya shiga ba shiri, tun kafin rana ta take zai nemi gefen titi ya zauna. Ka ba kanka wata uku. Bayan sallar asuba, kwana uku a mako, ka yi sassarfa na minti ɗaya, ka yi tafiya ta minti biyu, har rabin awa ta cika. Kowane mako ka ƙara kaɗan. Idan kana iya magana da abokinka kuna cikin gudu, saurinka daidai ne. Idan magana ta gagara, rage.

Kafin ka fara, je asibiti a auna maka jini. Mai hawan jini ko ciwon suga ya nemi izinin likita tukuna.

Batun kambas yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ka sa sabo ranar tsere, domin zai yi maka bororo a ƙafa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Sa wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa mai kauri. Shafa basilin a matsematsi da hammata, saboda zafin Legas mai gumi ne, tufa na goge fata.

Ana yin rajista ta intanet. Idan rubutun ya yi maka wuya, malamin aji zai taimaka. Karɓi lambar da za ka maƙala a ƙirji tun da sauran kwanaki. Daren tsere ka ci abin da ka saba ci, kamar shinkafa ko tuwo, ban da yaji mai yawa. Ka fito da duku-duku, domin ana rufe manyan tituna.

A hanya ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a wuraren da ake rabawa. Ina roƙonka, kada ka sha tiramol ko wata ƙwaya don neman ƙarfi. Tana ɓoye ciwo ne, jiki na ta wahala kai ba ka sani ba. Idan ka ji jiri ko ciwon ƙirji, tsaya nan take, ka ɗaga hannu ma'aikatan lafiya su gan ka.

Aikin gida: rubuta ranakun makon nan a littafinka. A gaban kowace rana ka sa mintunan da ka yi gudu, ka kawo aji mu karanta tare.