Hannun gem ya ƙi kama kwamfuta: shawara ga ƙannenmu sababbin zuwa Ingila

Duk watan Satumba da Janairu, idan sababbin ɗalibai suka sauka a Manchesta, mun san tambayoyin da za su biyo baya: ina ake samun ɗaki mai sauƙin kuɗi, wane masallaci ya fi kusa, ina ake sayar da naman halal da garin tuwo. Waɗannan 'yan'uwa sun sha yin bayaninsu. Amma akwai wadda ba a yi a gaban jama'a, sai an ja ka gefe bayan an idar da Juma'a: "Yaya, hannun gem ɗina ya ƙi kama laftof, ko ka san mai gyara?" Kuma sau da yawa kafin a zo da tambayar an riga an yi asarar kuɗi, wani ma ya sayi hannu na biyu shi ma ya ƙi.

Kada wani ya ɗauka zancen yara nake yi. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar nan ya san a watan Disamba magariba na yi tun kafin ƙarfe huɗu, ba majalisa a ƙofar gida, ba gidan gem na unguwa da za ka leƙa. Ƙwallon gem da samarinmu ke bugawa a ɗakin ɗayansu ranar Asabar da dare ita ke tara su. A nan ake jin inda ake ɗaukar aiki, a nan ake sanin wanda bai da lafiya da wanda kuɗin haya ya kakare masa. Na ga yaran da kaɗaici ya kusa durƙusarwa, wannan zaman ya riƙe su, kuma ina alfahari da yadda mutanenmu ke buɗe wa baƙo ƙofa tun ranar farko.

Maganar wuta ba ta da wahala. Soket ɗin Ingila irin na Najeriya ne, mai baki uku, ƙarfin wutar ma ɗaya ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da mai baki biyu irin na Faransa su nemi adafta, shi ke nan.

Ka fara da waya, wato kebul ɗin da ke haɗa hannun da kwamfuta. Mafi yawan hannayen da aka kawo mini da sunan sun mutu, wayar ce matsalarsu. Akwai wayar da caji kawai take yi, ba ta ɗaukar saƙo tsakanin na'ura da kwamfuta, irin wadda ake haɗowa da fitila ko ƙaramar sifika. Za ka ga hannun ya kunna wuta yana caji, kwamfuta kuwa ba ta san an jona komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: jona wayarka ta hannu da ita, idan kwamfuta ba ta nuna hotunanka ba, ka ajiye ta ka nemi wata. Hannun PS4 da na Xbox One ƙaramin bakin micro-USB gare su, na PS5 da sababbin Xbox kuma USB-C. Ka canza ramin USB ɗin ma, ka jona kai tsaye a jikin laftof, ban da ta waɗannan na'urorin da ke raba rami ɗaya gida huɗu. Don ka tabbatar, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl. Idan hannun ya fito a akwatin da ya buɗe, to lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani wuri.

Sai Bluetooth. Danna maɓallin PS shi kaɗai ba ya sa hannun neman kwamfuta, neman tsohuwar na'urarsa yake yi. A hannun PS4 sai ka riƙe PS da Share tare har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri. A na PS5, PS da Create. A na Xbox, ƙaramin maɓallin da ke samansa. Hannun PS4 na'ura ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, don haka idan ka je ɗakin aboki ka jona shi a PS4 ɗinsa, ya manta da laftof ɗinka, alhali ita tana nuna sunansa kamar ba abin da ya faru. Ka goge sunan daga jerin Bluetooth, ka sake haɗawa daga farko. Idan ya ƙi, akwai ɗan rami a bayan hannun kusa da maɓallin L2, ka sa tsinken cire sim ka danne kamar daƙiƙa biyar. A ɗakunan kwanan ɗalibai kuma, inda kowa ke da intanet ɗinsa da na'urorinsa, Bluetooth na yawan yankewa saboda layin iska da yake bi, wanda ake kira 2.4 GHz, ya cunkushe. Ni dai a irin wannan wurin waya na fi amincewa da ita.

Akwai hannayen da ko kwana za ka yi ba za su kama ta Bluetooth ba. Na Xbox One na farko da ya fito a 2013 ba shi da Bluetooth sam, sai a 2016 aka sa shi. Hannun Xbox 360 mara waya sai da na'urar karɓar saƙo tasa ta musamman, wayar cajinsa caji kawai take yi. Na PS3 kuwa, wanda da yawanmu muka taso da shi a gidan gem, Windows ba ta karɓarsa sai da ƙarin manhaja da wahala. Idan shi ka ɗauko daga gida, ka haƙura.

Wani lokaci kwamfuta ta ga hannun, gem ɗin ne bai gan shi ba. Dalili shi ne Windows ta Microsoft ce, Xbox ma tasu ce, yawancin gem na kwamfuta yaren hannun Xbox suke ji, wanda ake kira XInput. Hannun Sony, wato na PlayStation (PS), sai da tafinta. Mafi sauƙin tafinta shi ne Steam, manhajar sayen gem da buga shi a kwamfuta: ka shiga saitinsa, sashen Controller, ka kunna goyon bayan hannun PlayStation. Ko gem ɗin ba a can ka saya ba, kana iya ƙara shi cikin jerin gem ɗinka na Steam. Wasu na amfani da wata manhaja mai suna DS4Windows, tana aiki, amma kada ka kunna ta tare da ta Steam, don gem ɗin zai ga hannu biyu, ka danna sau ɗaya ya amsa sau biyu. Ka kuma kula da inda kake sauke ta, shafukan bogi masu sunanta sun yi yawa.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: idan laftof ɗin ta makaranta ce aka ara maka, ko ta wurin aiki, kada ka saka mata komai. An kulle ta da gangan, kuma masu kula da ita suna ganin abin da aka yi ƙoƙarin sakawa. Ka sa hannu a takardar ƙa'idar amfani da ita ko da ba ka karanta ba. Bai dace ƙwallo ta jawo maka kiran ofis ba a ƙasar da zamanka ya rataya a kan karatu.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke ƙonewa, wato sayen wani hannun. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda sabon zuwa ke cewa "ai nan Ingila ce, ba jabu." A Kano mun taso muna jin kayan Landan su ne masu aminci, mai shago a Farm Centre ya ce maka wayar nan ɗan Landan ce sai hankalinka ya kwanta. To jabun hannun PS4 ya cika intanet a nan, cikin kwali mai kyau da tambari da komai. Ni ma a hunturuna na farko na faɗa. Na ga talla a wani dandalin saye da sayarwa, sabo a kwali, kusan rabin kuɗin shago. Muka haɗu da mutumin a bakin tasha cikin ruwan sama, na ƙirga masa kuɗi a hannu, ko buɗewa ban yi ba don kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Da waya ya yi aiki na ɗan lokaci, Bluetooth kuwa bai taɓa kamawa ba. Na koma in yi masa magana, ya toshe ni. Kuɗin nan na tsayuwar dare ne a sito, kuma ɗalibi a nan awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Abin ya daɗe yana cina, kuma duk shekara sai na ga wani yaro ya bi sawuna ɗaya bayan ɗaya, har da kunyar buɗe kwalin.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne doka a nan ta bambanta mai shago da mutum mai sayar da kayansa. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce idan ka sayi abu a wurin ɗan kasuwa ya zamana yana da matsala, cikin kwana 30 kana da ikon mayarwa a ba ka kuɗinka cif. Bayan haka har zuwa wata shida, dole su gyara ko su canza, kuma su ne za su kawo hujjar cewa lafiyarsa ƙalau lokacin da suka sayar maka. Wannan ya shafi har kayan hannu idan a shago ka saya. Idan kuma ta intanet ka saya daga kamfani, kana da kwana 14 daga ranar da ya iso ka ce ka fasa, ko da ba abin da ya same shi. Amma idan daga wani mutum ne a Facebook ko Gumtree, abin da doka ta ɗora masa kawai shi ne kayan ya dace da yadda ya siffanta shi. Kuma ko ƙarya ya yi maka, ina za ka gan shi bayan ka ba shi kuɗi a hannu? Tura kuɗi kai tsaye ta banki ma kusan haka ne. A manhajar biyan kuɗi ta PayPal kuma, idan mai sayarwa ya ce ka tura ta hanyar 'yan'uwa da abokai, ka sani ka zubar da kariyarka. Shi ya sa nake ce wa ƙannena su je shagunan kayan hannu irin su CeX, inda ake gwada kaya a ba da garanti da rasit. Ƙarin 'yan fam ɗin da za ka biya bai kai asarar duka ba.

Idan ka dage sai ka saya a hannun mutum, to ka tafi da laftof da waya mai kyau, ku haɗu a wuri mai jama'a da rana, ka ɗauki ɗan'uwa da ya daɗe a nan. Ka jona, ka buɗe joy.cpl, ka danna kowane maɓalli. Ka saki sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa ka ga ko alamar ta tsaya a tsakiya, don idan tana gangarawa da kanta ɗan wasanka zai riƙa gudu ba ka taɓa shi ba, kuma gyaran ba arha. Ka gwada Bluetooth a wurin. Jabu yakan yi sakayau a hannu, maɓallansa na ƙara, rubutun takardar bayansa ba ya fita sosai. Mai gaskiya ba zai ji haushin gwaji ba. Wanda ya ce yana sauri, ka bar shi ya tafi.

Sai kunyar mayar da kaya. A gida mun saba idan ka bar shago magana ta ƙare, komawa kamar neman rigima ne. Nan kuwa akwai teburin da aka ware don wannan aikin kawai, ma'aikacin ba daga aljihunsa zai biya ba, kuma ba zai kalle ka sau biyu ba. Na sha ganin yaro ya ajiye hannu mai matsala a durowa har kwana 30 ɗin suka wuce, wai Turancinsa bai kai na jayayya ba. Ba jayayya ake yi ba. Ka ce ba ya aiki, ga ranar da na saya, ina son kuɗina. Idan kana jin nauyi ka kira ɗayanmu ya raka ka, mun saba. Ka ɗauki hoton rasit tun a bakin shago saboda tawadarsa na gogewa, idan ma ya ɓace, bayanan asusun bankinka da ke nuna cinikin sun isa hujja. Idan suka ƙi sauraronka duk da haka, ofishin Citizens Advice na ba da shawara kyauta, kuma za su nuna maka yadda ake rubuta takardar ƙorafi.